Kifin Zaki a Ajinmu: Cimarsa da Abokan Zamansa

Mu mutanen zango 'yan tudu ne da Allah ya zaunar a bakin teku. Kakanninmu fataucin goro da shanu suka yi ta hanyar Salaga, wasu kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar garin a 1892 suka gangaro kudu, har suka yada zango a wannan birni na Accra, wanda dattawanmu ke kira Ankara. Ita kanta Nima, a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya kafa ta, ta zama masaukin baƙi da dabbobinsu. Saboda haka in ana zancen rago ko sa, ɗan shekara goma a Mamobi zai nuna maka mai lafiya da mai ciwo tun daga nesa. Amma teku, wadda tsakaninmu da ita bai kai tafiyar awa guda a trotro ba, yawancinmu ba mu san abin da ke cikinta ba sai wanda muka tsinta a miya. Mun taɓa tambayar 'yan aji shida ko su wa suka taɓa ganin kifin teku da ransa yana iyo. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wannan shi ya sa da wani tsohon ɗalibinmu da ke zaune a ƙasar waje ya tambayi abin da makaranta ke bukata na koyar da kimiyya, muka ce muna son akwatin gilashi na kiwon kifin teku. Ba ma son 'ya'yanmu su tashi kifin rijiya. Ya biya kuɗin akwati mai cin lita 200 da injin tace ruwa, iyayen yara da malamai kuma suka yi karo-karo na gishiri da kifi. A taron da aka yi, wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, kifin da ba a ci, mene ne amfaninsa?" Muka ce, "Baba, allo ma ba a cinsa, amma da shi ake karatu." Aka yi dariya, ya zauna, ya kuma ba da nasa. Tun daga ranar muka san cewa amana muka ɗauka iri biyu: kuɗin talakawa, da ran wata halitta da aka rabo da gidanta.

Kifin da muka zaɓa shi ne ƙaramin kifin zaki, wato wadan cikin danginsa. Masana sun daɗe suna kiransa Dendrochirus brachypterus, kuma wani masani Bafaranshe mai suna Cuvier ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1829. Ba ɗan tekunmu ba ne. Asalinsa tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, inda yake laɓewa a cikin duwatsu da murjani da ciyawar ruwa, a wuraren da ba su da zurfi sosai. Tsawonsa ba ya wuce santimita 17, wato kamar tafin hannun babban mutum. Launinsa ja-ja ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, fuskarsa da 'yan tsirarun fata kamar gemun da bai cika ba, fukafukansa na gefe kuwa in ya buɗe su sai ka ce maficin kaba. A gadon bayansa akwai ƙayoyi 13 masu dafi, da wasu kuma a ƙarƙashin cikinsa. Yara suka raɗa masa suna Sarkin Ƙaya. Dalilin zaɓensa shi ne yana da juriya, ba ya bukatar fili mai yawa don ba mai yawan yawo ba ne, kuma ba ya ɓuya har abada kamar wasu, in ya saba da mutane yakan fito ya tsaya yana kallon mai kallonsa.

Kafin ya zo sai da akwatin ya yi makonni 6 ba kifi a ciki, ruwa da yashi da duwatsu kawai. Yara suka ƙosa, amma a nan darasi na farko ya fito. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba a ruwa, wadda ake kira amoniya. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin duwatsu da cikin matata, su ke juya wannan guba zuwa wani abu, sa'an nan zuwa wani mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canza ruwa. Sai sun yi yawa tukuna akwati ke iya ɗaukar kifi. Ruwan kuma ba mu ɗebo shi daga bakin teku ba. Duk wanda ya san abin da babban kwalbatin Nima ke kwasa ya zuba a kogin Odaw, shi kuma ya kai tafkin Korle, daga nan sai teku, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Gishirin girki ma ba ya yi, ko da na Ada ne, domin ruwan teku ba gishiri kaɗai ke cikinsa ba. Akwai gishiri na musamman da ake sayarwa don wannan aiki, ana zuba kimanin giram 35 a kowace lita ta tataccen ruwa. 'Yan aji biyar suka yi lissafi da kansu: lita 200 na cin kilo 7, lita 20 da muke canzawa kowane mako kuma giram 700.

To, sai batun cima, wanda shi ne ya fi ba mu wahala. Shi wannan kifi maharbi ne. A teku ba ya cin gari, ba ya cin ganye, ba ya cin mushe. Da rana yana manne a jikin dutse, wani lokaci ma kansa a ƙasa, sai rana ta yi sanyi ya fito farautar jatan lande da ƙananan ƙaguwa da 'ya'yan kifi. Yakan buɗe fukafukan nan ya tare abin farauta a lungu, ya matso sannu sannu kamar ba ya motsi, sa'an nan ya wage baki ya zuƙe shi gaba ɗaya da ruwan da ke kewaye, cikin ƙiftawar ido. Ba ya tauna. Abin da bai motsa ba kuwa, a wurinsa ba abinci ba ne.

Da aka kawo shi kwana 9 ya yi bai ci komai ba. Ya shige bayan dutse, ido kawai yake juyawa. Kullum da safe yara sai sun leƙa su ce, "Malam, ya ci?" mu ce tukuna. Mun san cewa dangin wannan kifi na iya jure yunwa na makonni, kuma baƙunta da wahalar tafiya kan hana su ci, amma sani daban, kwanciyar hankali daban, musamman in ka tuna matar da ta cire daga ribar kokonta ta ba da gudummawa. Muka rufe gefen akwatin da zane, muka hana buga gilashi, muka rage haske. Ran kwana na goma, bayan la'asar sakaliya, muka saka masa ƙananan jatan lande masu rai guda biyu da muka samo a wurin masunta, bayan sun kwana biyu a bokitin ruwa mai tsabta. Ya fito, ya buɗe mafici, ɗaya ya ɓace. Ba a jima ba na biyun ma ya bi shi.

Amma ba a dogara da abinci mai rai har abada. Samunsa da wuya, yana iya shigo da cuta, kuma wasu daga cikin malamai 'yan'uwanmu sun nuna rashin jin daɗin a riƙa jefa mai rai a bakin mai rai a gaban yara kullum. Maganarsu tana kan hanya. Saboda haka muka shiga yaye shi, kamar yadda ake yaye yaro daga nono zuwa kunu. Aka samo siririn tsinken roba mai haske, marar kaifi, ana soka ɗan yankin jatan lande a bakinsa, a riƙa kaɗa shi a hankali a gaban kifin, ana ja da baya kamar mai gudu. Da fari ya dube shi ya kau da kai. Muka bar shi da yunwar kwana uku, muka sake. Sai da aka yi kusan makonni uku ana wannan lallashi kafin ya kai wa tsinken cafka. Yanzu da ya hango tsinken sai ya taso. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga abin da muke ba shi, don amfanin wanda zai gwada. Ɗanyen jatan lande, da naman ƙaguwa, da yankan farin kifin teku marar maiƙo, ana sauya masa yau wannan gobe wancan. Muna saye a bakin ruwa a Jamestown ko Chorkor, ban da ranar Talata, don masuntan Ga ba sa fita teku ran nan. Wata baiwar Allah mai sayar da kifi da ta ji ko don me muke sayen ɗan kaɗan haka, ta yi ta dariya, ta ce, "Malam, wannan ɗan naku ya fi mai gidana tsada." Yanzu ita ke ware mana mai kyau. Ana wankewa, a yayyanka ƙanana, kowane yanki kada ya fi idonsa girma da yawa, a sa a firiza ya yi kwanaki ya ƙanƙare, domin sanyi na kashe tsutsotsin da ke jikin nama. In za a ba shi sai a narkar da abin da zai ci kawai a ɗan kofin ruwan akwatin. Kifi mai gishiri, da banda, da soyayye, duk ba nasa ba ne, wato kusan duk abin da ke kan tebur a kasuwar Nima ran Laraba.

Akwai kuskuren da masu kiwon irin wannan kifi a ƙasashe da yawa suka sha yi, shi ne ciyar da shi da jajayen kifayen ado na ruwan daɗi, saboda araha. Waɗannan suna da kitse irin wanda bai dace da kifin teku ba, yana taruwa a hanta. Daɗin daɗawa, a jikinsu akwai wani sinadari mai lalata bitamin B1, kuma kifin da ya rasa wannan bitamin yakan daina ci, ya riƙa tangaɗi a ruwa, a ƙarshe ya mutu. Wasu ƙananan kifayen teku ma suna da wannan sinadari, har da waɗanda ake kira 'yan makarantar Keta, shi ya sa ba a tsayawa kan abinci iri ɗaya.

Sau uku muke ba shi a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, yanka biyu ko uku, har cikinsa ya ɗan tasa, shi ke nan. Nan ma sai da muka yi fama da yara, don a al'adarmu ƙauna ita ce a cika wa baƙo akushi. Shi kuwa wannan baƙo bai san na ƙoshi ba, cikinsa na buɗewa ninki da yawa, domin a teku bai san ran da zai sake samu ba. In aka biye masa sai ƙiba ta kashe shi, ruwan kuma ya ɓaci. Muka yi jadawali a bango: yaro biyu kowace rana ta ciyarwa, su ke rubuta abin da ya ci da yadda ya ci, amma malami ne ke riƙe tsinke. Abin da ya faɗi ƙasa bai ci ba, a kwashe shi nan take da 'yar koma.

Sai batun abokan zama. Mu da muka tashi a gidajen haya, ɗaki goma tsakar gida ɗaya, Bahaushe da Bazabarme da Bakotokoli da Bamoshe suna layi a famfo ɗaya, mun san cewa mai gida na ƙwarai ba ya ba da ɗaki sai ya bincika halin mai shigowa. A akwatin kifi ma haka ne, sai dai a nan ba mai unguwar da za a kai wa ƙara, kuma wanda aka zalunta ba shi da ƙofar fita. Tambaya uku muka tsayar kafin a sayi kowane kifi. Ta farko, zai shiga bakin Sarkin Ƙaya? Ta biyu, shi zai cuci Sarkin Ƙaya? Ta uku, zai riƙa riga shi abinci?

A tambaya ta farko ce burin yara ya faɗi. Su dai Nemo suke so, ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin ratsi da suka sani a fim ɗin 2003. Amma waɗanda ake sayarwa ƙanana ne, ba su fi ɗan yatsa ba, shi kuwa kifin zaki yana iya haɗiye wanda ya kai rabin tsawonsa, in siriri ne ma har fiye. Sa su tare daidai yake da ba kura ajiyar nama. Ba mugunta ba ce, halittarsa ke nan. Haka jatan lande na ado masu tsada da ƙananan ƙaguwa, duk abincin dare ne a wurinsa. Wata yarinya ta ce, "Malam, in mun ƙosar da shi fa?" Muka ce ta tuna kyanwar gidansu, ko ta ƙoshi in ɓera ya gifta me take yi?

Tambaya ta biyu ta ba yara mamaki, don sun ɗauka mai dafi ba ya da abin tsoro. Alhali kuwa shi ba mai sauri ba ne, kuma fukafukan nan nasa suna jan hankalin masu cizo. Talibambam na teku, da dangin kifin nan mai taurin fata da Fanti ke busarwa da gishiri suna kira ewura efuwa, suna da haƙora masu ƙarfi, sukan bi shi suna gutsurar fukafukai da ƙayoyin har ya rame ya mutu. Manyan kifaye masu siffar maciji kuma suna iya haɗiye shi. Namiji biyu na irinsa ma ba sa zama lafiya a ƙaramin wuri. An kuma yi mana tayin wani kyakkyawan kifi na gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma, mai faɗin jiki, amma da muka ga yana kaiwa santimita 45 in ya girma, muka ce ɗakinmu bai kai nasa ba.

A ƙarshe kifi biyu kawai muka ƙara. Ɗaya babban ɗan'uwan Nemo ne, ja mai farin ratsi ɗaya a kumatu, wanda ya riga ya girma ya yi kauri. Ɗayan kuma mai faɗin jiki ne, shuɗi da ruwan goro, daga dangin da Turawa ke laƙaba wa sunan mala'iku saboda kyau, shi ma balagagge. Kowannensu sai da ya yi makonni a wani ƙaramin akwati dabam muna duban lafiyarsa. Su biyun sun fi shi zafin nama, don haka akan ba su nasu abincin a wancan gefe tukuna, sa'an nan a miƙa masa nasa a tsinke. Da 'yan dodon koɗi masu lasar gansakuka a jikin gilashi, waɗanda bai kula su ba, jama'ar gidan ta cika. Yara sun so a ƙara, amma mai cin nama kashinsa da yawa, kuma lita 200 ba teku ba ce.

Abu biyu ke hana mu barci. Na farko wuta da zafi. Littattafan Turawa suna ta zancen na'urar ɗumama ruwa, mu kuwa a nan sanyaya shi ne aiki. Kifin na son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ga shi daga Fabrairu zuwa Afrilu aji kan yi zafi ƙwarai, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai. Muka sa 'yar fanka tana hura saman ruwan. Wannan na sa ruwa ya riƙa ƙafewa, balle da hunturu, sai a cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, don ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Duk wanda ya ga dumsor na 2015 kuma ba ya sakankancewa da wuta. Muna da ɗan injin hura iska mai batir, kuma ran da aka ɗauke wuta ba a ba kifi abinci.

Na biyu shi ne dafi. Akwatin yana da murfi da kwaɗo, mabuɗi yana hannun malamai, kuma doka ce ba yaron da ke sa hannu a ruwa. Kifin ba ya kai wa mutum hari, ƙayar ta kare kai ce, amma wanda ya taɓa ta zai sha azaba, hannu ya kumbura. Mun rubuta a bango abin da za a yi in tsautsayi ya faɗa: a tsoma wurin a ruwan zafi wanda fata ke iya jurewa, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sa'an nan a tafi asibitin Mamobi ko na soja na 37. Ba tsagawa, ba ɗaurewa, ba tsotsa. Wannan ilmi ya wuce aji, domin a tekunmu ma akwai 'yan'uwansa masu ƙayar dafi da ke kwanciya a cikin duwatsu.

Wani uba ya ba da shawara cewa in mun gaji, ko dogon hutu ya zo, mu kai shi bakin teku a Labadi mu sake shi, mu sami lada. Niyyarsa mai kyau ce, amma ga abin da ya faru a wani wuri. A 1985 aka fara ganin babban kifin zaki a gaɓar Florida ta Amurka, inda ba asalinsa ba, kuma masana sun fi zaton masu kiwo ne suka sake shi. A 2004 ya isa tsibiran Bahamas, ya mamaye tekun Karibiyan, a 2014 aka gan shi a Brazil. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai kimanin miliyan 2 a shekara, kuma kifayen can ba su san shi ba balle su guje shi. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa a cikin makonni 5, kifin zaki ɗaya ya rage 'ya'yan kifin da ke tasowa a kan ƙananan duwatsun gwaji da kashi 79 cikin 100. A Bahar Rum ma ya shiga ta mashigin Suwez, aka gan shi a Lebanon a 2012, daga nan ya bazu zuwa Kubrus da Turkiyya da Girka. Gaskiya ne waɗancan manyan yayyen namu ne, ba irinsa ba, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masuntanmu sun riga sun shiga ƙuncin ƙarancin kifi, har a 2019 gwamnati ta rufe wa masu kwale-kwale kamu na wata guda don kifi ya hayayyafa. Ba mu za mu ƙara musu baƙon maci ba. Lokacin hutu, mu malaman da ke zaune a Kanda da Nima muke karɓa-karɓa.

Shawararmu ga makarantu da magidanta masu sha'awa ita ce, kada a fara da kifin teku. A fara da na ruwan daɗi, a koyi canza ruwa da awon abinci shekara guda. In an ga za a iya, to a tanadi gishiri da batir da wanda zai duba ran Salla kafin a tanadi kifi, kuma a tambayi girman da kowane kifi zai kai da abin da yake ci tun kafin a biya kuɗi. Mu dai abin da muka gani shi ne, yaran da da ƙyar suke zama minti biyar yanzu suna iya tsayawa shiru rabin awa suna jiran kifi ya buɗe baki, suna rubutawa. Wasu uku sun ce suna so su karanci ilmin teku a jami'ar Legon ko ta Cape Coast. Duk mai son ya kawo 'ya'yansa su gani, ƙofa a buɗe take ran Juma'a bayan la'asar, sharaɗi ɗaya ne, ba a buga gilashi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amana.